Idan Tab Ta Fashe, Mene Ne Sunan Abin da Ya Fashe?

Malamin firamare, Mabera:
Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana Hausa da masu gyaran waya. Idan tab, wato kwamfutar hannu mai kama da babbar waya, ta faɗi ta fashe, wani ya ce sikirin ne ya fashe, wani ya ce gilashi, wani fuska, masu fassara kuma su rubuta allo. Ba don ado nake tambaya ba. Mutum biyu za su kai tab wajen gyara, kowa ya ce sikirin ɗinsa ne, a karɓi kuɗi kaɗan a hannun ɗaya, a ninka wa ɗayan, sai ya tashi da zargin an cuce shi. Ina jin kalmar nan kaya fiye da ɗaya aka ɗora mata.

Injiniyan waya, bakin Babbar Kasuwa:
Wa alaikumus salam Malam. Gaskiyarka, abin hawa-hawa ne. Na sama gilashi ne, a jikinsa akwai siraran layukan lantarki da ido ba ya gani. Jikin ɗan Adam yana ɗaukar lantarki, don haka da yatsa ya sauka sai cajin wurin ya ɗan canja, na'ura ta gane inda aka taɓa. Shi ya sa tsinke ba ya aiki a kai. Wannan muke kira tachi. A ƙarƙashinsa akwai mai nuna hoto, LCD, kuma mu a shago shi kaɗai muke nufi da sikirin. A bayansa kuma fitila ce.

In gilashi ya tsage amma hoto na nan garau, tachi ne. In ka taɓa nan ta buɗe can, ko ta riƙa danna kanta, shi ne dai ko igiyarsa. In baƙin tabo ya fito yana yaɗuwa, abin da mutane ke cewa tawada ta fashe, ko layuka masu launi suka tsaya, na cikin ne ya tafi. In kuma kana jin sauti amma duhu, ka haska tocila ka ga hoto dishi-dishi, fitila ce.

Maganar kuɗi kuma ga inda take. A wasu tab tachi daban, sikirin daban, da 'yar rata a tsakani, sai a canja wanda ya mutu a bar mai lafiya. Ƙananan tab masu araha da iPad na gama-gari haka suke. Amma daga iPad Air 2 na 2014, da iPad mini 4 na 2015, da duk iPad Pro, an manne su wuri ɗaya da gam. Waɗannan ko gilashi kawai ya tsage, yawanci gaba ɗaya ake saye, mu ce kwamfilit. Raba su sai mai inji na musamman.

Malamar Hausa, Runjin Sambo:
Injiniya Allah Ya saka da alheri, ka rage mana rabin aiki. Ashe suna uku muke nema: na gaba ɗaya, na sama, da na ciki.

Allo dai ban yarda da shi ba. Kalmar daga lauhu take ta Larabci, kuma Larabawa da ita suka raɗa wa tab ɗin kanta suna. Duk wanda ya yi makarantar allo a garin nan namu na Sakkwato ya ga yaro rungume da tab ya san ita ce allon, ba gilashinta ba. In muka kashe kalmar a kan sikirin, me za mu kira uwar? Gilashi kuma abin da aka yi shi da shi ne kawai, taga ma gilashi ce. Madubi kanka yake nuna maka. Fuska ce ta zauna daram a kan na gaba ɗaya, agogo ma yana da fuska, kuma mutane sun riga sun saba da fuskar waya.

Na sama, ina ba da shawarar mataɓa. Hausa na da wannan ginin tun fil'azal: a sa "ma" a gaban kalma, a ƙare da "a", sai a sami wurin da ake aikin. Inda ake ƙira maƙera, ga unguwar Maƙera Assada nan. Inda ake rini marina. Inda ake jima majema. Inda ake taɓawa mataɓa. Kada a ce mataɓi, domin mai ƙarewa da "i" sau da yawa abin da ake aikin da shi ne, kamar mabuɗi da maɗauri. Mataɓi sai ya dace da alƙalamin nan da ake rubutu da shi a kan tab.

Na cikin ne ban gamsu ba. Na yi tunanin manuni, amma ya yi kusa da yatsa manuniya, ga shi kuwa yatsa na cikin zancen.

Wani dattijo, Ƙofar Rini:
Ɗiyata, mi ya hana ku ce majigi? Mu da munka ga lokacin da ake zowa da shi cikin mota, a kahwa hwarin ƙyalle a hili bayan Magariba, mun san haske na ka bi ta cikin hoto shi hito. Yanzu ga Injiniya ya ce wanga abu ba shi da haske nai na kai, sai hitila ta haska daga baya. To ai majigi na, an dai ƙanƙance shi.

Malamar Hausa, Runjin Sambo:
Baba, Allah Ya ƙara girma. Wallahi ka bugi inda ya dace. Kalmar majigi ma daga sunan wata tsohuwar fitilar Turawa ta fito, majik lantan, wadda ake zura mata gilashi mai zane a haska shi daga baya. Kusan aikin LCD ke nan. Na janye manuni.

Ɗalibar jami'a, Arkilla:
Baba da Malama a yi mini afuwa. A aji majigi muke kiran na'urar da ke jefa rubutu a bango, ba za a rikice ba? Sannan manyan tab na Samsung da sababbin iPad Pro OLED gare su, kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, babu fitila a baya. Kuma ni ban ga laifin tachi ba. Mota da kwamfuta da burodi duk baƙi ne suka zama 'yan gida.

Malamin firamare, Mabera:
Ƙanwata, tachi ba ta da laifi, tana iya zama. Matsalata da sikirin ce, don mai tab na nufin gaba ɗaya, mai gyara na nufin na ciki, kowa kuma yana ganin an fahimce shi. Rikicewa da na aji kuwa ban hango ta ba. Wanda ya ce majigin tab ɗinsa ya mutu a gaban teburin mai gyara, babu mai zaton ajin jami'a yake nufi. Batun OLED kuma, har yau muna cewa buga waya alhali babu zaren waya ko ɗaya a jikin salula. Ni dai na ɗauki fuska, mataɓa da majigi. Allo a kan tab ɗin kanta mu bar shi wani zaman, don na san akwai malaman da za su ce allo na karatun Alƙur'ani ne, kuma suna da abin faɗa.

Injiniyan waya, bakin Babbar Kasuwa:
Malam na karɓa, amma tsakanina da kwastoma. In zan yi odar kaya daga kasuwannin waya na Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja, lambar samfurin da ke bayan tab nake turawa, don tab biyu masu suna ɗaya kan zo da igiya daban-daban. Can babu ruwansu da mataɓa.

Tunda an samu sunaye, ga abin da mai tab zai tambaya kafin a buɗe masa kaya: mataɓa da majigi a rabe suke ko a manne? In a rabe ne, a canja wanda ya mutu kawai, kuma ka ce a share majigi sosai kafin a rufe, musamman da hunturu, don ƙurar da ta shiga ratar nan sai an sake ɓamɓare gam take fita. A cire igiyar batir kafin a taɓa ta majigi, in ba haka ba ana iya ƙona layin fitila a jawo sabon gyara. In iPad ce mai maɓallin da ke karanta zanen yatsa, a mayar maka da naka na asali, domin an ɗaure shi da injin tab ɗin, sabo zai danna amma ba zai gane yatsanka ba. A gwada kowace kusurwa kafin a sa gam.

Saura gilashin kariya da ake liƙawa a sama, wanda muke ce wa gad. Sau da yawa shi kaɗai ne ya tsage, mutum ya zo hankali tashe, in ɓare shi a ga mataɓa lafiya lau. Malama, shi kuma me za mu kira shi?