Musayar Waƙa: Fadar Hirosaki, Wa Ya Raina Ta?

Mai Zaure: Assalamu alaikum. Yau mun nufi lardin Aomori a arewacin Japan. Amsa-amo "ki" ne, wanda ya karya ya biya goro.

Da sunan Allah na buɗe zaure,
Zancenmu na yau fadar Hirosaki.
Can arewa, a ƙurewar tsibirin Honshu,
Inda sanyi ke ratsa jiki.
Gidan Tsugaru ne suka gina ta,
A 1611 aka gama aiki.
Gwalalo uku sun kewaye ta,
Ƙofofi biyar na tsaron sarki.

Ɗan Tsokana:
Malam, na ga hoton, ban yaba ba,
Bene hawa uku ake wa biki?
Je ka kudu ka ga Himeji,
Fara fat, a kan tudu, ginin kirki.
Wannan kuwa, ka yi mini afuwa,
Ai da kaɗan ta ɗara ɗaki.

Inna Mai Alƙalami:
Ɗana, sassauta, ka ji labari,
Hawa biyar ce a farkon mulki.
A 1627 aradu ta faɗo,
Ta tarar da albarushi a ciki.
Wuta ta cinye benen ƙurmus,
Aka bar masu gari da riƙe baki.
Mahukuntan Edo, Tokyo ta yau, sun kafa doka,
Ba mai sabon bene, ko da sarki.
Sai 1810 aka yi dabara,
"Ɗakin tsaro ne muke wa aiki."
Da wannan suna aka sami izini,
Shi ne benen da kake wa tsaki.
Na asali 12 suka rage a Japan,
Ƙirga da kyau, Hirosaki na ciki.

Kuma a duk yankin Tohoku, wato arewacin Honshu, ita kaɗai ce ta asali, wadda benenta ya tsira tun zamanin mulkin Edo. Sauran benayen da ake ɗauka a hoto, irin na fadar Aizu, a zamanin nan aka sake gina su.

Sarkin Noma:
Ku bar ta bene, ku zo lambu,
Nan ne manomi zai buɗe baki.
Itacen sakura, ceri mai fure, kimanin 2,600,
Ƙarshen Afrilu suke yin biki.
In furen ya zube a kan gwalalo,
Ba ka ganin ruwan da ke ciki.
Mutanen Japan ba sa son datse shi,
Sun ce yanka na ruɓar masa da jiki.
Amma Aomori ƙasar tuffa ce,
A wannan noma ita ce zaki.
Sai aka ari hannun manoman tuffa:
A rage rassa, a zuba taki.
Akwai wanda aka dasa tun 1882,
Har yau yana fure, abin mamaki.

Inna Mai Alƙalami: Sarkin Noma, Allah ya ƙara basira. Baitin taki ya biya ni.

Injiniya:
Inna, ki ba ni wuri in ɗora,
Katangar ƙasan benen ta yi ciki.
Ba su rushe ba, ba su kwance shi ba,
A 2015 suka fito aiki.
Tan 400 aka ɗora kan dogo,
Ba da ƙarfin raƙumi ko doki.
Mita 70 aka gusar da shi,
Jama'a suka kama igiya, aka yi biki.
Duwatsun katanga aka sa wa lamba,
Don kowanne ya koma gurbinsa daki-daki.

Yar Auta: Ni dai baiti biyu gare ni, yayyena, kada a yi mini dariya.

Ku fita gari, ku je tafkin Towada,
Rafin Oirase ya fito daga ciki.
A kaka ganye ya yi ja da rawaya,
Ga magangarun ruwa, ga hutun jiki.

Ɗan Tsokana:
To Inna, na ji, bene ya tsira,
Amma ban gama ba, ban rufe baki.
Jirgin ƙasa zan hau, in bi ramin Seikan,
Ta ƙarƙashin teku zan yi tsallaki.
Hakodate na da Goryokaku,
Siffar tauraro, nan ne gwanin aiki.
A 1869 dakarun ƙarshe na shogun, mai mulkin soja,
Suka miƙa wuya, aka gama yaƙi.

Mai Zaure: Ɗan Tsokana, laifi biyu. Hakodate a tsibirin Hokkaido take, ka bar mana Aomori ka tsallake ruwa. Sannan "yaƙi" ba "ki" ba ne. Goro ƙwarya guda, a kai wa Inna.

Inna Mai Alƙalami: Fari nake so, kada a kawo mini ja.