Babur ɗin doguwar tafiya na hannu: wanne kuka hau, me kuka gani?

Ɗan Hanya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara huɗu ke nan ina kan babur mai cc 650, yanzu ya yi mini kaɗan, musamman in na goya uwargida muka kama doguwar hanya. Ina neman irin baburan nan da suka haɗa gudu da jure tafiya, amma na hannu, don sabo ya fi ƙarfin aljihuna. Uku na gani da idona: Honda VFR800 ƙirar 2006, Yamaha FJR1300 ƙirar 2008, sai Kawasaki Z1000SX ƙirar 2013. Bayanin kamfani na karanta har na gaji. Daga bakin wanda ya zauna da ɗayansu nake son ji. Kullum da shi zan je aiki cikin cunkoso, doguwar tafiya kuwa ba ta wuce sau ɗaya a wata. Tsayina matsakaici ne, kuma ba ni da jiki.

Mai Kukan V4

Wa alaikumus salam. Shekara shida na yi da VFR irin wannan, don haka in na yi son kai a yafe mini. Injinsa silinda huɗu ne a tsarin V, cc 782, kuma kukansa kaɗai ya isa ya sa ka ɗauki doguwar hanya zuwa gida da gangan.

Abin da za ka fara fahimta shi ne VTEC. Tun daga ƙirar 2002, in inji yana juyawa a hankali, bawul biyu ne kawai ke aiki a kowace silinda. Da allura ta doshi juyi 7,000 a minti sai duka huɗun su buɗe, murya ta canza, babur ya zabura. A na farko-farkon zaburar tana zuwa da ɗan fizga, wadda ba ta da daɗi in ta same ka a tsakiyar kwana. A 2006 aka sauko da wurin ƙasa kaɗan aka tausasa shi, to naka ya faɗo a ɓangare mai kyau. Ni bayan mako biyu na daina lura da ita, sai in ina son jin ta.

Tambaya ɗaya za ka yi wa mai shi: yaushe aka duba bawul, ina shaidar? Ana dubawa duk bayan wajen kilomita 25,000, kuma aiki ne mai cin lokaci, ba kowane makaniki ke son taɓa na VTEC ba. Shi ya sa masu shi da yawa sukan tsallake, su sayar wa na gaba. Sai zama: a ɗan duƙe kake. A buɗaɗɗiyar hanya iska tana tallafe ƙirjinka, ba ka jin komai. A cunkoso kuwa wuyan hannunka ne ke biyan kuɗin.

Baba Mai Nisa

Ɗana, ni FJR nake hawa, wannan na biyu ke nan a hannuna. In batun cin hanya ne, sauran biyun yaransa ne. Inji cc 1298, tanki lita 25, gilashin gaba da maɓalli kake ɗaga shi ka sauke, akwatunan gefe nasa ne na asali. Ba shi da sarƙa, shaf ne da shi kamar farfelar mota, ba shafa mai, ba ɗaurewa, sai dai canjin man da ke cikinsa lokaci-lokaci. Na farkon, kafin 2006, sun yi suna wajen hura wa cinya zafi, daga 2006 aka gyara hanyar iskar, abin ya ragu sosai. Giya biyar ce, har yau nakan taka ina neman ta shida, wadda ba ta zo ba sai 2016.

Duk da haka ba zan ce ka saya ba. Nauyinsa da mai ya kai wajen kilo 290. In yana tafiya ba ka jin ko rabinsa, amma ai ba a tafiya ake faɗuwa da irin wannan ba, a tsaye ake faɗuwa. Wata safiya na ajiye shi da hancinsa a gangare, wurin da tsakuwa. Na zo fita, ina ja baya da ƙafa, ƙafar hagu ta zame kamar taku guda. Na ji yana tafiya a hankali, ina riƙe da shi ina kallo, ba yadda na iya, har ya kwanta a kan akwati. Madubi ya karye. Na tsaya da farin gemuna ina jiran masu wucewa biyu su taimaka mu ɗaga. Laifina ne, ba na babur ba, amma ni na fi ka jiki, kuma ba kullum nake shiga cunkoso da shi ba.

Ka koma wurin mai shi. Kada ka kunna. Ka hau, ka ɗage jak, ka tura shi baya da ƙafa taku goma a inda ƙasa ta ɗan yi tudu. Abin da cinyarka ta faɗa maka shi ne gaskiya.

Gajere Sarkin Kwana

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni dai ga wanda kwana ashirin da tara yake cikin gari, kwana ɗaya a hanya, Z1000SX zan ce. Shekara uku ina kansa. Ya fi FJR sauƙi da kusan kilo sittin, zamansa a miƙe yake fiye da VFR, kuma inji cc 1043 ɗin nan ko a giya ta shida ka murɗa totur yana amsawa, ba sai ka sauko ba. Gilashinsa da hannu ake gyarawa, mataki uku.

Inda ya gaza: tankin lita 19 ne, kuma giyoyinsa gajeru, a babbar hanya za ka ji inji yana juyawa da yawa har ɗan tsuma ya iso yatsunka. Ka duba ko yana da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, don a shekarun nan ba duka ke da shi ba. Kada ka yarda da faɗar baki, ka leƙa tsakiyar faifan birki ka ga zobe mai ƙananan tagogi, ka kuma ga fitilar ABS ta kama in an murɗa makulli, ta mutu in an fara tafiya. Akwatuna ma daban ake sayensu. In babu su a kai, lissafinka ya canza. Da za ka samu ƙirar 2014 da ya fi, a nan aka ƙara na'urar hana taya sulɓi, aka kuma gyara maƙalin akwatunan.

Ta Bayan Direba

Ku yi haƙuri in sa baki. Duk kuna maganar wanda ke riƙe da kan babur, ba wanda ya tambayi ta baya. Shekara tara maigidana yana goya ni, babura huɗu muka canza, kuma biyu daga ciki ni na sa aka sayar.

Malam Ɗan Hanya, ka je da ita. Ta hau, ta zauna minti ashirin ana tafiya, ba a tsaye ba. Ta lura da gwiwarta: in matakin ƙafa ya yi sama, bayan awa ɗaya ƙafar ba tata ba ce. Ta lura ko tana zamowa gaba duk sanda aka taka birki, hular kwanonta tana ƙwanƙwasar taka. Irin na Malam Gajere na hau na wani ɗan uwanmu, kujerar baya ƙarama ce kuma a sama take, sai ka ji kamar an ɗora ka a kan katanga. A FJR kuwa har gyangyaɗi na taɓa yi, wanda shi ma ba abin alfahari ba ne. Kowanne ka saya, ka sa akwatin baya mai matashi. Wannan jinginar ta fi mini ƙarfin doki hamsin.

Gajere Sarkin Kwana

Hajiya, na sallama. Ni kaɗai nake hawa, ban taɓa zama a can ba.

Wanda Ya Ƙone

Ni ba zan faɗi sunan nawa ba, don babur ɗin bai yi mini laifi ba, mai sayarwa ne da kuma zumuɗina. Da yamma na je, na tarar an wanke shi yana sheƙi, an riga an kunna shi yana ɗumi. Taɓawa ɗaya ya tashi. Na biya. Kwana uku bayan nan, da dare, ina tafiya na ga fitila tana yin ja-ja, mita tana ƙyaftawa, sai ɗif. Da aka cire robobin gefe, soket ɗin da ya taso daga koyil ɗin caji ya narke ya zama baƙi, an yanke wayoyi an murɗe su da hannu an naɗe da salatif, don wani can baya ya taɓa jona ƙarin fitilu. Warin ƙonanniyar roba yana nan tun ranar da na je gani, na ɗauka warin sabon wanki ne. Yanzu ko keke zan saya sai na ɗaga kujera na leƙa wayoyi.

Bakanike

Na gode wa ɗan uwa da ya rigaye ni, ya rage mini aiki. Duk ukun nan sun sha shigowa hannuna, kuma injinansu ba sa mutuwa da wuri in an ba su haƙƙinsu. Abin da ke kawo su gareji kusan kullum hannun mai shi ne. To ga yadda nake yi in an ce in raka mutum.

Tun a waya nake cewa kada a kunna kafin mu zo. Da isa sai in ɗora tafin hannu a jikin inji. In da ɗumi, mu zauna mu yi hira har ya huce, ko mu dawo gobe. Inji mai sanyi ba ya ƙarya: wahalar tashi, hayaƙi, ƙarar ƙas-ƙas ta sarƙar cikin inji, duk a mintin farko suke fitowa.

Ina zuwa da mitar auna wuta. A kashe, batir mai lafiya yana nuna wajen 12.6. In an kunna an ɗan murɗa totur, ina son ganin tsakanin 13.5 da 14.5. In ta tsaya a 12, ba ya caji. In ta haura 15, yana dafa batir. Minti biyu ne aikin, da ya hutar da Malam na sama.

Taya kuma ba zanenta kaɗai ake kallo ba. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekarar. Tayar da ta wuce shekara biyar zuwa shida ta bushe, ko da zanenta na nan kamar sabuwa. Sarƙa, ka kama ta a bayan faifan haƙoran baya ka ja. In ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ta gama, kuma tare da faifan gaba da na baya ake canza ta. Shokazoban gaba, ka danna sau biyar ka shafa yatsa a jikin ƙarfen, in ya fito da mai, sil ya tafi. A ɗaga tayar gaba, ka juya kan babur a hankali hagu da dama, in ya maƙale a tsakiya kamar ya faɗa rami, boris ɗin wuya ya ci. Ga mai shaf, ka duba ko mai yana tsatsa a kusa da cibiyar tayar baya.

Faɗuwa kuma tana barin sawu: ƙarshen hannu, kan lebar birki, gefen salansa, da ɗan ƙarfen da ke tare kan babur kada ya wuce iyaka. Kujewar faɗuwa a tsaye irin ta Baba ba ta dame ni ba. Wanda ya ce bai taɓa faɗuwa ba alhali roba ɗaya ta fi sauran sabunta, shi ne ke damuna.

Wani abu da mutane ba sa son ji: ƙarancin kilomita ba lafiya ba ne. Babur mai shekara goma sha biyar da bai yi tafiyar kirki ba, ajiye shi aka yi. Ka haska cikin tanki za ka ga tsatsa, man birki ya koma baƙi, robobi sun tsattsage. Na fi son wanda ya ci kilomita 70,000 da takardun gyara a jere. Lambar shasi kuwa ka karanta ta da bakinka a jikin ƙarfe, wani yana bin takarda da yatsa.

In ka faɗaɗa nema, kada ka raina Suzuki Bandit 1250S ko GSX1250FA. Ba su da kwalliya, amma ƙarfinsu tun daga ƙasa yake, gyaransu kuma ba ya tayar da hankali.

Ɗan Hanya

Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya muka zagaya mu uku, ni da uwargida da makanikina.

FJR: Baba, na yi gwajin. A taku na huɗu ƙafata ta fara rawa, mai shi ya riƙe mini baya ba tare da na roƙa ba. Uwargida kuwa da ta zauna sai ta ƙi sauka. Z1000SX ni ya yi mini daidai kamar an auna, ita kuma tun kafin mu kai kwanar farko ta dafa kafaɗata ta ce mu juya. VFR ne kaɗai ba wanda ya yi murna ƙwarai, ba kuma wanda ya ƙi. Mun same shi da sanyi, ya tashi lafiya, mita ta nuna 14.1. Tayar baya 3614 ce, wato canji ya zama dole. Kilomita 52,000 ne a kai, kuma takardar duba bawul guda ɗaya tak ya nuna, ta farko. Ya yarda makanikina ya buɗe ranar Asabar kafin a yi maganar kuɗi.

Mai Kukan V4, batun wuyan hannu: akwai abin da ake sawa a ɗaga kan nasa kaɗan?

Mai Kukan V4

Akwai, nawa ma na sa. Ƙarafa ne da ke ɗaga hannun wajen inci ɗaya. Kafin a ɗaure, a juya kan har ƙarshe hagu da dama, a tabbatar bututun birki da wayar totur ba su ɗame ba, hannun kuma ba ya taɓa tanki. Tunda za a buɗe ranar Asabar, ka tafi da filogi huɗu da sabuwar matatar iska, hanya ɗaya ce.