Siminti na ɓamɓarewa daga bangon tsohon ajin da muka mayar ɗakin karatu

Assalamu alaikum. Magina da masu sanin ginin ƙasa, a taimaka mana.

A unguwarmu nan cikin birnin Katsina akwai wani tsohon aji da makarantar ta daina amfani da shi. Ginin tubali ne, rufin azara. Muka nemi izini muka mayar da shi ɗakin karatu na yara, muka sa kantoci da tabarmi.

Kafin damina mun yi wa bangon filastar siminti ciki da waje. Da ruwan Agusta ya kankama, bangon gabas, inda hadari ke duka, ya jiƙe daga ƙasa har gwiwa. Filastar ta kumbura, in ka ƙwanƙwasa sai ta yi ƙara kamar ƙwarya, in ka ɓamɓare kuma ƙasar ciki ta yi taɓo. Gara ta biyo nan ta cinye bayan kanta ɗaya har da littattafan kai.

Mun gyara indararo, mun haƙa lambatu don ruwa ya daina kwanciya a gindin bango, mun sake filasta. Sati uku ta sake tsagewa. Wani dattijon magini ya ce simintin ne ya hana bangon shan iska, mu kankare mu koma yaɓen ƙasa da makuba, wato shafen bango da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa. Ni dai na yarda da shi, ga tsohuwar Kwalejin Katsina ta 1922 nan, ginin ƙasa, har yau tana tsaye.

In mun kankare simintin yanzu, makuba za ta kama bango mai danshi, ko sai mun jira rani ya bushe?