GRE yanzu ko sai na yi aiki tukuna?

Ɗan Ringim:
Salam 'yan uwa. Na gama bautar ƙasa bana, ina koyarwa a wata sakandare a ƙauyenmu kafin Allah Ya kawo wani abu. Burina mastas a waje, to na rasa, in zauna GRE (jarabawar lissafi da Turanci ta neman shiga mastas) da IELTS (jarabawar gwada iya Turanci) yanzu tun karatu bai bar kaina ba ko in bari sai na tara shekarun aiki? Kuɗin ba wasa ba ne, sai an sai da buhunan riɗi.

Malam na Gwarzo:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kar ka haɗa su, GRE sakamakonsa shekara 5 yake aiki, IELTS da TOEFL (ita ma jarabawar Turanci ce) kuwa shekara 2 kacal, kaga in ka yi IELTS yanzu kazo ka yi shekara 3 kana koyarwa kuɗin sun tafi a banza wallahi. GRE ɗin yi shi yanzu lissafi na nan da ɗumi, amma fara duba makarantar da kake so dan da yawa a Amurka sun daina nema, Ingila ma galibi ba ruwansu da shi.

Yaya Hajara:
Koyarwar nan ma aiki ce fa, kar ka raina ta. Chevening, tallafin karatun mastas na gwamnatin Birtaniya, sai da shekara 2 na aiki, awa 2,800. Ka karɓi takardar ɗaukar aiki gun firinsifal ka adana tun yanzu.

Ɗan Ringim:
Na gode Malam, na gode Yaya. Gobe zan je ofis ɗin firinsifal in sha Allah.