Neman kalmar Hausa: maganin da ke kashe manyan tsutsotsin tundurmi

Mai shirin lafiya, Samaru: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan gabatar da shiri a rediyo kan tundurmi da gwaiwa, amma kalmomi biyu sun tsaya mini, macrofilaricide da microfilaricide. Ta farko maganin da ke kashe manyan tsutsotsin da ke kwance a hanyoyin kaluluwa ne, ta biyu kuma wanda ke kashe ƙananan da sauro ke zuƙa daga jini.

Malamin Hausa, Kongo: Wa alaikumus salam. Ki ce kashe-uwa da kashe-ɗa, a kan tsarin kashe-wando. Gajeru ne, kunne zai riƙe su.

Likita, Shika: Allah ya gafarta Malam, kashe-uwa ta bar namijin tsutsar a baya, kuma tana alƙawarin abin da yawancin magungunan ba sa yi. Ivermectin da ake rabawa tare da albendazole duk shekara 'ya'yan yake sharewa daga jini, iyayen kuwa suna iya rayuwa shekara 6 zuwa 8 suna haihuwa, shi ya sa ake maimaita rabon aƙalla shekara 5. Doxycycline ne ke gamawa da su, amma a hankali: ana shan sa mako 4 zuwa 6, ya kashe ƙwayar Wolbachia da tsutsar ta dogara da ita, ta daina haihuwa, bayan watanni ta mutu. Ba a bai wa mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba.

Malamin Hausa: Likita, da Bahaushe ya ce uwa ya haɗa tushen abu gaba ɗaya. Abin da ke damuna shi ne, kullum sai mu fassara kalma guda da jimla, alhali Turanci ma ƙirƙirar tasa ya yi daga Girkanci da Latinanci bai ji kunya ba.

Mai fassara, Kano: Ni dai ina tsoron a bar hukuncin namiji da mace a hannun Zazzagawa, waɗanda ke cewa mace ya zo.

Malamin Hausa: Karin harshe ba kuskure ba ne, Alhaji, kuma littattafan da kuka koyi daidaitacciyar Hausa da su a kamfanin Gaskiya na Zariya aka buga da yawansu.

Ma'aikaciyar jinya, Tudun Wada: Malamai, a duba masu sauraro. Wanda ya ji kashe-uwa zai ɗauka sha ɗaya ya wadatar, ba zai fito rabon baɗi ba, wani kuma zai jira kumburin ƙafarsa ya sace, alhali wannan sai wanki da sabulu da ɗaga ƙafa, gwaiwa kuma sai tiyata.

Mai shirin lafiya: Na gode muku. Zan ce mai kashe iyayen tsutsa da mai kashe 'ya'yan tsutsa, in bayyana wanne ne ake rabawa.

Malamin Hausa: Ki yi hakan saboda rediyo, Hajiya, amma a rubuce ban janye kashe-uwa ba.