Wane man shafawa zan ɗauka tsakanin CeraVe, Cetaphil da Neutrogena?

'Yar Auta:
Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Fatar jikina busasshiya ce sosai, ina fitowa daga wanka kafin in gama shiri ƙafafuna sun yi fari furu-furu har da ƙaiƙayi, amma kuma fuskata goshi da hanci maiƙo ne, kumatu ne kawai ke yin gautsi. Na taɓa sayen wani mai ƙamshi ya feso min da ƙananan ƙuraje shiyasa yanzu tsoro nake ji. A kyamis na ga CeraVe na roba, Cetaphil, da Neutrogena Hydro Boost, kowa da wanda yake yabawa. Guda ɗaya nake so wanda zai min fuska da jiki duka, wanne zan ɗauka?

Maman Biyu:
Wslm ƙanwata. Nidai gaskiya maganar guda ɗaya ɗin nan ki ajiye ta, fata iri biyu kika lissafo ai, abinda zai ƙosar da ƙafarki zai iya yi wa goshinki nauyi. Jiki ki ɗauki CeraVe na roban ko Cetaphil kirim, dukkansu babu turare a ciki kuma suna da kauri. Fuska kuma ki nemi loshan mai ruwa-ruwa, CeraVe ɗin ma suna da na kwalba mara nauyi. Hydro Boost ki duba da kyau, jel ɗin nan mai launin shuɗi akwai turare a cikinsa, akwai kuma wanda suka yi ma busasshiyar fata da babu, tunda ƙamshi kike zargi kar ki ɗauko na farkon.

Anti Babba:
Bari in ɗan yi dogon bayani dan wlh abin nan yana damuna, mutane suna bin suna basa juya bayan roba su karanta. Aiki uku man shafawa yake yi. Akwai masu jawo ruwa su riƙe a fata irin gilisarin da yuriya da asid ɗin hayaluronik wanda shine abin tallan Hydro Boost, akwai masu cike tsakanin ƙwayoyin fata su gyara katangarta irin seramaid, CeraVe iri uku na seramaid ɗin suka zuba, sannan akwai masu rufewa su hana ruwan tsiyayewa, nan babu kamar basilin, kuma yana cikin kirim ɗin CeraVe da na Cetaphil duka. Toh kinga mai busasshiyar fata in ta shafa jel kaɗai, an jawo ruwa amma ba a rufe ba, zuwa anjima ta koma gidan jiya ta ce man ba kyau, alhali ba aikinsa bane. Kuma lokacin shafawa ma rabin magani ne, kina fitowa wanka ki ɗan tsane jiki da tawul ki shafa da sauran damshinki, kar ki bari ki bushe ƙarau. Ruwan wankan ma kar ya cika zafi, yana kwashe maiƙon fata. In ƙafar tana da kaushi Eucerin mai yuriya kashi 10 yana laushe ta sosai, sai dai in akwai tsagewa yana raɗaɗi, ki bari ta warke tukunna.

'Yar Auta:
Ngd Anti, Allah ya ƙara sani. Toh yaya zan gane ba zai sake feso min da ƙuraje ba kafin in lafta a fuska?

Anti Babba:
Ki sayi ƙarami tukunna. Ki riƙa shafa kaɗan a cikin gwiwar hannu ko gefen haɓa safe da yamma kamar kwana 7 zuwa 10, in ba ja ba ƙaiƙayi sai ki ci gaba, kuma kar ki fara sabbi biyu rana ɗaya dan in wani abu ya taso ba zaki san wanne bane. In duk sun ƙi ki akwai Vanicream, babu turare, babu kala, babu lanolin. Ƙaiƙayin nan kuma in yana hana ki barci ko fatar tana tsagewa tana ruwa, ki je wajen likitan fata dan Allah, wannan ya wuce na man kyamis.