Littattafan da ke sa yara son ilimin ƙasa

Da muka zauna da wasu iyaye da malaman firamare kan littattafan ilimin ƙasa na yara, shawarar da aka fi nanatawa ita ce a fara da abin da yaro ya sani. Labarin dutse mai aman wuta yana da daɗi, amma bayanin hunturu ya fi shiga ransa. Ƙurar nan da ke tsattsage masa leɓe, da yawa daga cikinta iska ce ke kwaso ta tun daga Bodele a Chadi.

An ce a duba zane kafin rubutu, kuma jimla ta zama gajera. Malamai sun yaba shafukan da ke nuna Nigersaurus, dabbar da aka tono ƙasusuwanta a hamadar Nijar, mai haƙora fiye da 500. Yara da kansu ke tambaya me take ci a cikin rairayi, sai a faɗa musu a zamaninta wurin koguna ne da tsirrai.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne a ajiye littafin, a zuba ƙasa da ruwa a kwalba, yaro ya girgiza. Yashi zai fara kwantawa, laka sai can daga baya.